Baƙin Ungozomomi a Ƙasar Adar da Ƙonni: Waiwaye Kan Tarihin Haihuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya nuna mana cikar shekara 100 na wannan sarauta mai albarka. 

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A irin wannan littafi an saba jera sunayen sarakuna da shekarun da kowannensu ya yi bisa gado, a ambaci yaƙe-yaƙe da yunwa da annoba, a faɗi shekarar da aka kafa kasuwa da wadda kwalta ta iso gari. Duk wannan daidai ne. Sai dai akwai wani shafi na tarihi wanda ba kasafai ake buɗe shi a zaure ba, domin a cikin gida ake rubuta shi, galibi da tsakar dare: yadda ƴaƴan ƙasar nan suka zo duniya, da hannayen da suka karɓe su. Babu sarki ko malami ko attajiri cikin waɗanda muke alfahari da su face mace ce ta yi naƙudarsa, wata macen kuma ta yanke masa cibi. Daga cikin waɗannan hannaye akwai na wasu mata baƙi, mabiya addinin Kirista, waɗanda suka baro ƙasashensu na nesa suka zo aikin ungozoma a tsakaninmu, suna cewa Allah ne ya kira su. Me ya kawo su, me suka tarar, kuma me zuwansu ya bar mana? Amsar tana cikin tarihin Adar da Ƙonni, kuma ta shafi gobenmu.

Haihuwa a gidajenmu na da

Tun kafin a san wani abu wai shi asibiti, kowane gari yana da ungozomarsa: tsohuwa wadda ta daina haihuwa, ta ga jiya ta ga yau, sau da yawa ma gadon sana'ar ta yi daga uwa ko kaka. Idan yarinya ta ɗauki cikin fari, a watannin ƙarshe akan mai da ita gidan iyayenta. Naƙuda kuwa a durƙushe ake yin ta, cikin kunya da dauriya, domin abin gori ne a ji kukan mace daga bayan danga. Saboda wannan kunya, mace takan ɓoye ciwonta har sai ɗa ya faɗo, sannan a aika kiran ungozoma. Ita za ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jinjiri, ta tsaya kan wankan jego da tafasasshen ruwa safe da maraice, ta dama kunun kanwa, ta riƙa leƙowa har ranar suna, wani lokaci har a yi arba'in. Malam yana ba da rubutu, wanzami yana nasa aiki, dangi suna kawo itace da hatsi.

Wannan tsari ya raini al'umma ɗaruruwan shekaru, kuma mai jego ba ta taɓa zama ita kaɗai ba. Amma yana da iyaka. Idan ɗa ya kwanta a gicciye, ko ƙugun yarinya ya yi wa kansa kaɗan, ko jini ya ɓalle bayan haihuwa, ko jijjiga ta kama mai ciki, to ungozoma ba ta da abin yi sai jiƙe-jiƙe da addu'a. Wasu dabarun ma sukan ƙara ɓarna. Yankan gishiri ya sha jawo wa mata yoyon fitsari. Azar da aka yanke cibi da ita, in ba ta da tsabta, takan sa jinjiri ya sandare cikin makon farko. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun nuna a shekarun 1970 cewa yawan kanwa da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta na cikin abubuwan da ke sa mai jego kumburi da ciwon zuciya. Ba banza ba iyayenmu ke cewa mai ciki ƙafarta ɗaya tana duniya ɗaya tana lahira, kuma gaisuwar da ake yi wa wadda ta sauka ita ce barka da arziki.

Likitar gwamnati a zamanin Nasara

Farkon haɗuwar ƙasar nan da Faransawa ba ta alheri ba ce. A watan Mayun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe ɗimbin jama'a. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka tsai da iyakar da ta raba mu da ƴan uwanmu na Sakkwato, a 1922 kuma Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mulkin mallaka. Talaka ya san Nasara da haraji da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Wanda ya saba ganin bulala a hannun mutum ba zai yi gaggawar miƙa masa matarsa mai naƙuda ba.

Gwamnatin mallaka ta kafa sashen kula da lafiyar ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma tun 1905, a 1918 kuma ta buɗe makarantar likitanci a Dakar tare da sashen horar da ungozomomi ƴan Afirka. Sai dai ɗaliban wannan sashe galibi daga ƙasashen da boko ya riga ya kafu suke fitowa, irin su Senegal da Dahomey, domin a Nijar ƴan matan da aka sa lakwal ba su taka kara sun karya ba. Ƴan ƙalilan ɗin da aka turo mana a manyan garuruwa suka zauna, inda kwamanda da sojojinsa suke, kuma da yawansu ba su jin Hausa. Hankalin likitar gwamnati ya fi karkata ga allurar agana da yaƙi da sanƙarau. Matar da naƙuda ta tsaya wa a ƙauyukan Adar, tsakanin duwatsu da ƙoramu, babu wanda ya san da ita sai danginta. Wannan giɓi ne ƴan mishan suka hango.

Abin da suke nufi da kira

Domin mu fahimci waɗannan baƙi, wajibi ne mu san abin da suke nufi da kalmar kira. A wurin Kiristocin da suka aiko su, mutum yakan ji a zuciyarsa, ta hanyar addu'a da karatun littafinsu, cewa Allah ya keɓe shi ga wani aiki a wata ƙasa. Ba ya isa mutum ya faɗa da bakinsa kawai: sai dattawan majami'arsa sun shaide shi, ƙungiyar mishan ta jarraba lafiyarsa da halinsa da iliminsa, kafin a amince. Ungozomominsu kan kafa hujja da labarin Shifra da Fu'a, wanda ke babin farko na Littafin Fitowa: ungozomomi biyu da Fir'auna ya umarta su kashe jarirai maza na Bani Isra'ila, suka ji tsoron Allah suka ƙi. Musulmi ma ya san wannan zalunci na Fir'auna daga ƙissar Annabi Musa, alaihis salam.

Hanyar tana da tsawo. Budurwa daga Kanada ko Amurka ko Ingila ko Ostareliya sai ta yi shekaru tana koyon aikin jinya, ta ƙara da na ungozoma, ta shiga makarantar addini. Ingila ta tsara sana'ar ungozoma da doka tun 1902, shi ya sa Amurkawa da dama can suke zuwa neman takardar shaida, wasu kuma su tafi makarantar da aka buɗe a 1939 cikin duwatsun jihar Kentucky, inda ake bin mata masu naƙuda bisa doki. A ɓangaren Katolika, sai a 1936 fadar Paparoma ta yarje wa mata masu zaman zuhudu su karɓi haihuwa. Bayan karatu sai neman guzuri: irin ƙungiyar da ta zo ƙasarmu ba ta yi wa ma'aikacinta alkawarin albashi tsayayye, shi zai bi majami'u da ƴan uwa su ɗauki nauyinsa da ɗan abin da suka iya. Daga nan sai jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa zuwa Kano, watanni ana koyon Hausa, sannan mota ta Katsina zuwa Maraɗi. Mai zuwa Nijar tana da ƙarin nauyin koyon Faransanci. Akan yi shekara huɗu kafin a ga gida. Da yawansu ba su yi aure ba, wasu iyayensu sun rasu ba su samu halartar jana'iza ba, masu iyali kuma sukan rabu da ƴaƴansu tun suna ƙanana, a kai su makarantar kwana ta Miyango kusa da Jos.

Daga Patigi zuwa Galmi

Ƙungiyar da ta fi shafar yankinmu ita ce SIM. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasashen Hausa. Kafin shekara ta zagayo sosai biyu na farko sun rasu saboda zazzaɓi, Bingham ya koma gida da ƙyar. Sai a 1902 suka iya kafa tasharsu ta farko a Patigi, cikin ƙasar Nupe. A 1924 suka shigo Nijar ta Damagaram, bayan ƴan shekaru suka zauna a Tsibirin Gobir, daga baya suka bazu zuwa Maraɗi da Madawa da Dogon Dutsi. Da Hausa suke aiki, musamman bayan fitowar cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932, kuma wannan ya kusantar da su ga talakawa fiye da ma'aikatan gwamnati masu magana ta bakin tafinta.

Faransawa ba su sake jiki da su ba. Masu jin Ingilishi ne, cibiyarsu tana Najeriya, kuma dokar Faransa ba ta amincewa da takardar likitancin wata ƙasa cikin sauƙi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da Nijar ke ƙarƙashin gwamnatin Vichy, an takura musu ƙwarai bisa zargin leƙen asiri. Bayan yaƙi ne ƙofa ta ɗan buɗe. A 1950 wani likita Ba'amurke, Dokta Burt Long, da matarsa Ruth suka fara aikin asibiti a Galmi, bisa babbar hanyar da ta haɗa Ƙonni da Madawa, a cikin gundumar Malbaza ta yau. Ya yi aiki a wurin har tsakiyar shekarun 1970. A 1956 ƙungiyar ta buɗe wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi.

Galmi a lokacin ƙaramin gari ne, albasarsa ba ta kai ga yin sunan da ta yi daga baya ba. Amma labarin cewa akwai wurin da ake buɗe cikin mutum a gyara a ɗinke ya tashi, ya bi fatake da masu zuwa kasuwanni. Mutane suka riƙa tahowa daga Dogarawa da Tsarnawa, daga Illela da Badagishiri, daga Buza da Keita, daga makiyayan Azawak, har daga ƙetaren iyaka, ƙasar Sakkwato. Yau asibitin yana da gadaje sama da 100, kuma mafi yawan ma'aikatansa ƴan Nijar ne.

A cikin ɗakin haihuwa

Namiji likita yana iya fiɗa, amma a ƙasar da mace ke jin kunyar mijinta ma ya san tana naƙuda, ba shi ne zai fara taɓa ta ba. Nan ne ungozoma baƙuwa ta samu gurbinta. Mace ce, tana jin Hausa, ta iya gaisuwa, kuma jama'a kan laƙaba mata suna irin namu. Aikinta shi ne ta auna ciki ta gane kwanciyar ɗa, ta saurari bugun zuciyarsa, ta auna jini, ta lura da kumburin ƙafa, ta tafasa almakashi da zare, ta san lokacin da za a yi haƙuri da lokacin da za a tashi likita a shiga ɗakin fiɗa. Sanin wannan lokaci shi ne babban bambancinta da ungozomar gida.

Matan da ake kawo mata ba masu haihuwar sauƙi ba ne, domin mai sauƙi a ɗakinta take sauka. Waɗanda suka kwana biyu ko uku suna fama ake kawowa, bisa amalanke ko raƙumi ko bayan motar kasuwa, bayan an gama duk abin da aka sani. Sau da yawa ɗan ya riga ya mutu, wani lokaci mahaifa ta fashe, abin da ya rage shi ne ceton uwa. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya, kan haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, ya bayyana abin da waɗannan ungozomomi suke gani kullum: mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba ga matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba sai da abu ya ɓaci, kuma hatsarin ya fi tsanani ga ƴan mata masu ƙarancin shekaru da matan da suka yi haihuwa da yawa. Al'adun Zazzau da na Adar a wannan fanni ba su da nisa da juna.

Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda takan tashi da yoyon fitsari, miji ya guje ta, ta koma gidan iyaye cikin ƙunci. A nan ma masu irin wannan kira sun taka rawa a Afirka. Dokta Catherine Hamlin da mijinta Reginald sun isa Habasha a 1959 da niyyar kafa makarantar ungozomomi, suka ƙare da buɗe asibitin yoyon fitsari na Addis Ababa a 1974. A ƙasarmu an buɗe cibiyar wannan aiki a Danja a 2012, ban da wadda gwamnati ke da ita a Yamai.

Wa'azi da magani

Tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƴan mishan ba su taɓa musun cewa babban burinsu shi ne yaɗa addininsu ba. Shugabanninsu na farko sun ɗauki magani a matsayin mabuɗin zukata, kuma mai jiran ganin likita yakan ji wa'azi kafin a kira shi. Malamanmu sun yi tsayuwar daka wajen faɗakar da jama'a kan haka, iyaye kuma sun yi taka-tsantsan da ƴaƴansu. Wasu daga cikin baƙin na farko sun zo da raini ga al'adunmu, suna ganin ungozomar gida ba ta san kome ba, alhali ita ce ke kwana da mai jego bayan an sallame ta. An kuma yi musu ƙorafin cewa sun daɗe suna koya wa ƴan ƙasa aiki da hannu ba tare da ba su ilimin Faransanci da takardun da gwamnati ta sani ba, abin da ya jinkirta samun manyan ma'aikata daga cikin yaransu.

Duk da haka, yabon gwani ya zama dole. Ba a tambayar mace addininta kafin a karɓi haihuwarta, ba a kuma sa mata sharaɗin ta bar shi kafin a ɗinke ta. Jama'armu kuwa sun auna abin da hankalin manya: suka karɓi magani, suka yi godiya, suka koma gida suka yanka ragon suna bisa sunna. Bayan shekara fiye da 70 da buɗe Galmi, ƙasar nan tana nan ƙasar Musulmi kamar yadda take. Ƴan uwanmu ƙalilan da suka karɓi Kiristanci sun kafa majami'arsu ta ƴan ƙasa a 1961, muna cin kasuwa ɗaya da su, muna gaisawa a biki da makoki. Sarakuna suna da kaso mai yawa a wannan zaman lafiya, domin baƙo ba ya zama a ƙasa sai da sanin mai ƙasa, kuma a fada ake kashe ƙananan rigingimu kafin su girma.

Ƴaƴan ƙasa sun karɓi aiki

Bayan samun mulkin kai ranar 3 ga Agustan 1960, gwamnati ta gane cewa asibiti ɗaya ko biyu ba za su ishi ƙasa ba. A shekarun 1960, farawa daga jihar Maraɗi, aka shiga horar da ungozomomin ƙauye, ana ba su ɗan akwati mai reza sabuwa da zare da maganin ɗigawa a idon jinjiri. Makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram suka fara yaye ungozomomin likita ƴan ƙasa, a 1974 kuma aka buɗe sashen koyon likitanci a jami'ar Yamai. Taron Nairobi na 1987 ya ja hankalin duniya ga mutuwar mata wajen haihuwa. Daga 2001 aka gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka da dama. A 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 ta ƙara da awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Tawa tana da gidan haihuwa na Tasigi, ga asibitocin gunduma a Illela da Ƙonni. Ungozomar gida kuma aikinta ya sauya: yanzu abin da ake nema gare ta shi ne ta gane alamun hatsari, ta rako mace likita da wuri.

An ga amfanin wannan ƙoƙari. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna mata 648 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Na 2012 ya nuna 535. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ba da 441. A 2016 aka tabbatar Nijar ta shawo kan ciwon sandarewar jarirai. Wani shiri da likitocinmu suka bazu da shi ƙasa baki ɗaya a tsakiyar shekarun 2010, mai amfani da ƙwayoyin tsai da jini da wani ƙyalle da ke nuna yawan jinin da mace ta zubar, ya rage mutuwar zubar jini da fiye da rabi. A Galmi ma an shiga horar da likitocin fiɗa ƴan Afirka. Amma kada murna ta rufe mana ido. Binciken 2012 ɗin nan ya nuna cewa ƙasa da haihuwa ɗaya cikin uku ce ake yi a hannun ƙwararru, kuma ƴan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin shekara 18.

Abin da ya rage gare mu

Masana sun lura cewa jinkiri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na uku yana wuyan gwamnati da ma'aikatanta. Na farko da na biyu kuwa a zaurukanmu suke. Kowa ya san Adar ƙasar bida ce: da an gama girbi samari da magidanta sun kama hanyar Abijan ko Najeriya ko Libiya. Naƙuda ta tashi, maigida yana nesa, babu mai ikon cewa a tafi, babu kuɗin mota a ajiye. Daga Badagishiri zuwa Tawa kimanin kilomita 50 ne, zuwa Galmi ta Tsarnawa kimanin 100, amma ga matar da ke ƙauyen bayan ƙorama a watan Agusta, isowa bakin kwalta kaɗai yaƙi ne. Jinin haihuwa kuwa cikin awa biyu yana iya gamawa da mace.

A nan sarauta take da abin yi wanda likita ba zai iya ba. Ƙungiyar sarakunan gargajiya ta Nijar ta daɗe tana aiki da hukumomin lafiya kan rigakafi da karatun ƴaƴa mata, kuma makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram a 2008 sun nuna cewa idan maza suka zauna suka fahimci lamarin, awon ciki yana ƙaruwa. Maganar mai gari ɗaya ta isa ta sa duk mai tafiya bida ya bar izini da guzuri a hannun wani dattijo. Unguwa tana iya kafa asusun mota, a san direban da za a buga wa waya ko da tsakar dare. Samari suna iya ba da jini ba sai ɗan uwansu ne ke kwance ba. Liman yana iya tunatar da jama'a cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Sai babbar magana. Baƙo raɓa ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Zamanin da baƙuwa za ta zo ta share shekara 30 a ƙauye yana ƙara wuya: sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji da aka yi a Abalak a watan Oktoban 2016, wanda bai kuɓuta ba sai a Maris na 2023, ya nuna yadda rashin tsaro ya taƙaita zirga-zirgar baƙi a jiharmu. Magidanta da yawa suna cewa ba su yarda namiji ya karɓi haihuwar matansu ba. To, ungozomar likita ba daga sama take faɗowa ba: yarinya ce da mahaifinta ya bari ta gama firamare, ta wuce kwaleji, ta shiga makarantar kiwon lafiya. Wanda ya cire ƴarsa daga aji ya aurar tun ƙugunta bai ƙosa ba, ya rage mana ungozoma ɗaya, ya kuma ƙara mana mai doguwar naƙuda ɗaya. Waɗancan mata sun ƙetare teku saboda abin da suka yi imani da shi, suka koyi harshenmu domin su ji kukan matanmu. Addininmu ya koya mana cewa ceton rai ɗaya tamkar ceton mutane duka ne. Ƴaƴanmu mata ba su bukatar jirgi ko tafinta. Abin da suke bukata shi ne izinin iyaye, da kuɗin karatu, da mijin da zai bar su su yi aiki, da gari mai girmama su idan aka turo su ƙauye.

Idan jikokinmu suka taru bikin shekara 200, muna fata su tarar da sunayen ungozomomi ƴan asalin wannan ƙasa a rubuce kusa da na sarakuna da malamai. Allah ya jiƙan iyayenmu mata da suka rasu a kan gwiwa, ya saka wa duk wadda ta taɓa karɓar haihuwa a ƙasar nan gwargwadon alherinta, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa. Allah ya ƙara wa mai martaba lafiya da nisan kwana, ya zaunar da Adar da Ƙonni da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.